Ɗan kifin ƙoramar Jamus da ke watsewa in an kurje ɗan'uwansa

Tambayar ta zo ne daga wani ɗan'uwa da ke karatu a kudancin Jamus. Ga abin da ya ce: "Malam, akwai wata ƙorama a bayan masaukinmu, ruwanta garai-garai, ƙasanta tsakuwa. Na saba zuba wa wasu 'yan kifi ɓarɓashin burodi. Tsawonsu bai wuce yatsa ba, kuma kullum a gungu suke. A watan Mayu sai na ga cikin wasunsu ya koma ja. Ran nan na cafki ɗaya da hannu don in duba, ya ɗan kurje, na mayar da shi ruwa. Nan take sauran suka watse, kwana biyu ko burodin ba su kula ba. Wane kifi ne wannan? Shi ne irin wanda muke kamawa a rafi muna yara? In na so, zan iya kai shi gida in kiwata?"

Ɗan'uwa, sannu da karatu, Allah ya ba da sa'a. Siffar da ka bayar ta ishe ni. Ɗan kifi mai tsawon yatsa, a ruwan sanyi mai tsakuwa a Turai, yana yawo a gungu, cikinsa ya yi ja a watan Mayu, wannan shi ne wanda maƙwabtanka Jamusawa ke kira Elritze. Faransawa suna ce masa vairon, Turawan Ingila kuma minnow. Sunansa a wurin masana shi ne Phoxinus phoxinus, kuma Linnaeus ne ya fara shigar da shi rajistar halittu a 1758. A 'yan shekarun nan binciken ƙwayoyin gado ya nuna abin da aka daɗe ana ɗauka kifi ɗaya ne daga Ingila har Saibiriya, ashe jinsuna ne da yawa masu kama da juna, na kogin Rhine daban, na Danube daban. Wannan rigimar masu raɗa suna ce. A ido da ɗabi'a kusan duk abu ɗaya ne, don haka zan ci gaba da kiransa Elritze.

Mu fara da jikinsa, tunda ka riƙe shi a hannu. Yawanci santimita 6 zuwa 10 ne, wanda ya kai 14 ya zama basamude a cikinsu. Jikin mulmulalle ne kamar sigari, ba falle-falle irin na karfasa ba, hancin kuma ba mai tsini ba ne, bakin ƙarami. Na tabbata da ka taɓa shi ka ji santsi kamar ba shi da ɓawo. Yana da shi, ƙanƙanta ce ta yi masa yawa: daga kai zuwa wutsiya a jere ɗaya za ka ƙirga 80 zuwa 100. Bayansa launin ƙasa ne da ya ɗan sirka da kore, cikinsa fari-fari, a gefe kuma akwai ɗigo-ɗigo baƙaƙe a tsaye waɗanda wani lokaci sukan haɗe su zama zane ɗaya, da wani siririn layi mai ruwan zinariya a samansu da ke ƙyalli in rana ta doke shi. Fiffiken baya ɗaya ne tak, gajere, babu ƙaya. Wutsiya mai baki biyu. Ba shi da gashin baki. Abin da zai ba ka mamaki, ba shi da haƙori ko ɗaya a muƙamuƙi. Haƙoransa suna can cikin maƙogwaro, da su yake niƙa abinci. Duk danginsa haka suke.

Launin nan ba tsayayye ba ne. Ka sa shi a farin kwano, cikin ɗan lokaci zai koɗe. Ka mayar da shi baƙin kwano, ya yi duhu. Dabara ce ta ɓuya daga mai kallo ta sama, irin zalɓe.

Jan cikin da ka gani kwalliyar ango ce. Daga Afrilu zuwa Yuni, wani wurin har Yuli, namiji yakan sake kama gaba ɗaya: ciki da gefen baki su yi ja jawur, maƙogwaro ya yi baƙi, gefen jiki ya yi kore mai sheƙi, gindin fikafikai ya yi fari, sannan wasu fararen ƙuraje masu tauri su fito masa a ka. Mutane da yawa sukan ɗauka cuta ce. Lafiyarsa lau, bayan lokacin ƙwai zubewa suke. A wannan lokacin sukan taru da yawa su haura inda ruwa bai fi tsawon tafin hannu ko biyu ba, kan tsakuwa mai tsabta. Mace ta zuba ƙwai, 'yan ɗaruruwa zuwa wajen dubu gwargwadon girmanta, maza su bi su barbara. Ƙwan yana da danƙo, sai ya gangara tsakanin duwatsu ya manne. Cikin kwana 5 zuwa 10 ya ƙyanƙyashe, ya danganta da ɗumin ruwa. Babu wani reno. Uwa da uba sun yi gaba, in ma suka ci karo da ƙwan a fili za su iya cinyewa.

Daga nan za ka gane me ya sa wurin zamansa yake yadda yake. Ƙwan da ke kwance tsakanin tsakuwa yana buƙatar ruwa ya riƙa ratsawa yana kai masa iska. In laka ko dagwalon gona ya toshe ramukan, ƙwai ya mutu, ko da manyan kifin suna nan lafiya. Shi ya sa ganin Elritze da yawa a ƙorama alama ce mai kyau game da ruwan. Yana son ruwa mai sanyi mai wadatar oksijin: ƙoramu masu gudu, koguna ta sama-sama, da tafkunan duwatsu, har wajen mita 2000 a tsaunukan Alps. Ana samunsa ma a gaɓar tekun Baltik inda gishirin ruwan bai da yawa. Abincinsa duk abin da bakinsa ya iya ɗauka: tsutsotsin ƙwari, ƙananan halittun ruwa, gansakuka, ƙwaron da ya faɗo daga ganye, da burodinka. In hunturu ya shigo yakan koma gurbi mai zurfi ko ya lafe ƙarƙashin duwatsu, ya rage motsi. Galibi shekara 3 zuwa 5 yake yi, amma a tafkunan Norway masu tsananin sanyi, inda girma ke tafiyar hawainiya, an samu waɗanda suka haura shekara 10.

To, yanzu ga inda tambayarka ta fi daɗi. Abin da ya faru da kai a bakin ƙorama, shi ne ya faru da wani masani ɗan ƙasar Ostiriya, Karl von Frisch, kuma da wannan kifin dai. Mutumin ya fi shahara da binciken rawar ƙudan zuma, wanda ya kai shi ga kyautar Nobel a 1973 tare da Konrad Lorenz da Niko Tinbergen, amma ya yi shekaru yana aiki kan kifi. A lokacin ana gardama ko kifi yana ji da kunne. Shi ne ya horar da wani ɗan dangin tarwada har ya riƙa fitowa in an yi masa fito. Sai ya koma kan Elritze a tafkin Wolfgangsee, inda danginsa ke da gidan hutu. Ya saba wa wani gungu zuwa cin abinci a wuri ɗaya, kamar yadda ka yi. Rannan yana so ya yi wa ɗaya alama don ya riƙa gane shi, sai ya kamo shi ya ɗan tsaga shi kusa da wutsiya, ya sake shi cikin 'yan'uwansa. Gungun da ya saba da shi ya firgita ya tsere, ya ƙi dawowa.

Wani da sai ya ce tsautsayi ne ya wuce. Shi ya ce ruwa ba ya tsami banza. Ya fara gwaji: ko ganin mai rauni ne ya tsorata su? Ya daka fatar kifi, ya tace, ya zuba ruwan tacin kaɗai wanda ba a ganin komai a cikinsa, suka watse. Ya gwada da hanji da hanta da tsoka, abin bai kai na fata ba ko kusa. Ya gwada a kan waɗanda aka kashe musu jijiyar shaƙar wari, ko gezau. Ashe wari ne. A 1938 ya bayyana sakamakon, ya raɗa wa abin suna Schreckstoff, wato sinadarin firgita, sunan da masana a duniya ke amfani da shi har yau ba tare da fassara ba.

Yadda abin yake aiki shi ne, a cikin fatar kifin akwai wasu manyan ƙwayoyin halitta masu siffar kulki waɗanda ba su da kafar fita waje. Kifi ba zai iya sakin abin da ke cikinsu don ya ga dama ba, ko da ya tsorata. Sai fata ta yage. Haƙorin babban kifi, bakin tsuntsu, ko farcenka. Da ya zuba a ruwa, ɗan kaɗan ya isa. Wanda ya shaƙa yakan yi ɗaya daga cikin abu uku: ya yi wuf ya tsere, ya matse cikin gungu, ko ya nutse ƙasa ya sandare kamar tsinke. Ci kuwa sai ya tsaya.

Akwai abin da ya fi wannan. Warin nan makaranta ne a gare su. In Elritze ya shaƙi sinadarin tare da wani baƙon wari, sai ya haɗa su a ransa, daga ranar baƙon warin kaɗai ya isa ya tsorata shi. Anne Magurran, wata masaniya a Birtaniya, ta nuna haka a ƙarshen shekarun 1980: ta haɗa sinadarin da warin pike, wani dogon kifi mafarauci na Turai da Jamusawa ke kira Hecht, wanda a wajen 'yan kifi matsayinsa ɗaya da tsage a kogunanmu. Suka koyi tsoronsa. Ta haɗa shi da warin wani nau'in karfasa na Afirka da bai taɓa cin su ba, shi ma suka koyi tsoronsa, sai dai bai kai na pike ba. Don haka kwana biyun da suka yi suna ƙin burodinka ba fushi ba ne. Wurin ne ya yi musu warin mutuwa, kuma inuwarka ta shiga lissafi.

Amma kada in sayar maka da labarin ya fi yadda yake. Masana sun daɗe suna kai ruwa rana a kan abu biyu. Na farko, me wanda aka ciza ya ƙaru da shi? An riga an kama shi, gargaɗin wasu zai amfana. Halitta ba ta cika ɗora wa dabba kayan da ba su amfane ta ba. Wasu suka ce warin yana jawo mafarauci na biyu, su kaure da kokawa, wanda aka kama ya samu ya kuɓuce. An kuwa nuna cewa pike yana bin warin. Wasu suka ce ainihin aikin ƙwayoyin nan kare fata ne daga cuta da ƙwayoyin da ke huda ta da zafin hasken rana, su kuma sauran kifin sai suka koyi karanta warin, kamar yadda hayaƙi ba don ya sanar da maƙwabta yake tashi ba amma kowa ya gan shi ya san da wuta. Ni a ganina wannan ta biyun ta fi zama a hankali. Na biyu, a 1996 ita Magurran ɗin da abokan aikinta suka zuba sinadarin a kogi na gaske a kudancin Ingila suna kallo da kyamarar cikin ruwa, kifin ba su tsere ba. Aka yi ta muhawara. Abin da na ɗauka daga ciki shi ne kifi yana auna halin da yake ciki: a buɗaɗɗen kogi mai gudu inda yake ganin ko'ina kuma warin ke wucewa nan da nan, ba lallai ya bar abincinsa ba, a ɗan gurbi mai kwanciya, ga kuma ƙaton hannu da ya shigo daga sama yanzun nan, dole ya gudu. Naka ya haɗa duka biyun.

Gungun da kake gani kuwa shi ne dukan dabarar rayuwarsa. Kifi ne da kowa ke ci: pike, da Forelle, wani kifin ruwan sanyi da suke zaune ƙorama ɗaya, da zalɓe, da karen ruwa, da ɗan tsuntsun nan mai shuɗin baya da ke faɗawa ruwa kamar kibiya. Ba shi da ƙaya irin ta kurungu, ba shi da lantarki irin na minjirya. Abin da ya rage masa yawa ne, kuma sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Idanu ɗari sun fi biyu hango haɗari, mafarauci kuma yakan ruɗe ya rasa wanda zai ware. Tony Pitcher da abokan aikinsa sun nuna a 1982 cewa babban gungu ya fi ƙarami saurin gano abinci, don da ɗaya ya duƙa yana ci sauran sun gani. In an kawo musu hari sukan fashe ta ko'ina lokaci ɗaya kamar an watsa tsaba, ko su rabe biyu su zagaye maharin su haɗe a bayansa.

Ɗabi'ar da ta fi burge ni ita ce leƙen asiri. In pike ya lafe a cikin ciyawa, ba gudu gungun ke fara yi ba. Sai ɗaya ko 'yan kaɗan su ware, su matso a hankali, su tsaya, su ƙara matsowa, su ƙare masa kallo, sannan su juyo. Daga yadda suka dawo sauran ke gane ko a ci gaba da kiwo ko a tattara. Shi ma maharin ya san an gan shi, kwanton ɓaunarsa ya lalace. Kifi na ganinka mai jar koma, a nan ba karin magana ba ce, abin da ke faruwa ke nan. Magurran da Pitcher sun kwatanta Elritze na yankin Dorset, inda suka daɗe suna zama da pike, da na Gwynedd a Wales inda babu shi. Na Dorset sun fi yin babban gungu, sun fi yawan leƙen, sun fi saurin komawa daidai bayan an firgita su. Da aka reni 'ya'yansu a ɗakin bincike ba su taɓa ganin pike ba, bambancin bai ɓace ba. Wato wani ɓangaren gado ne, wani kuma koyo.

Jinsa ma kaifi ne da shi. Akwai wasu 'yan ƙasusuwa a bayan kai da ke haɗa jakar iskar cikinsa da kunnen ciki, waɗanda Ernst Heinrich Weber ya bayyana tun 1820. Jakar tana amsa sauti kamar fatar ganga, ƙasusuwan su miƙa shi kunne. Takun ƙafarka a gaɓa yana isa gare su kafin inuwarka.

Sai tambayarka ta biyu. A'a, ba shi muke kamawa a rafi muna yara ba. Babu Elritze a Afirka ta Yamma. Abin da yara ke tarewa da tsumma ko kwando a rafukanmu gauraye ne: 'ya'yan karfasa, 'ya'yan tarwada, ƙananan kawara, da wasu 'yan kifi masu farin jiki da ɗigo ko zane a gefe waɗanda ba sa girma ko sun shekara nawa. Waɗannan na ƙarshen su ne 'yan'uwansa na nesa. Da ana sa su cikin Barbus, daga 2015 aka mayar da yawancinsu Enteromius, kuma akwai jinsunansu da dama a kogunan Neja da Binuwai da yankin tafkin Cadi. Su ma haƙoransu a maƙogwaro suke, fiffiken bayansu ɗaya, a gungu suke yawo. Bambancin, ɓawonsu manya ne ana ganinsa sarai, kuma da yawansu suna da ɗan gashin baki. In ka koma gida kana so ka rarrabe: ɗan karfasa fiffiken bayansa dogo ne mai ƙaya; kawara tana da haƙora a baki da wani ɗan ƙaramin fiffike na tsoka gab da wutsiya; wanda ba shi da ko ɗaya cikin waɗannan, shi ne dangin naka. Warangin tafkin Kainji da ake shanyawa, duk da ƙanƙantarsa, gidansu daban ne, dangin sardin ne.

Inda zumuncin ya fi ƙarfi shi ne a fata da kunne. Ƙasusuwan Weber da ƙwayoyin sinadarin firgita ba na Elritze kaɗai ba ne, gadon wani babban rukuni ne da ya ƙunshi mafi yawan kifayen ruwan daɗi na duniya, ciki har da tarwada da kurungu da kawara. Karfasa da giwan ruwa ba sa ciki.

Ta uku, kai shi gida. Kada ka soma. Kifi ne da ya fi jin daɗi in ruwa bai haura digiri 20 ba, kududdufin Kano ko Maraɗi a watan Afrilu kuwa yakan tasam ma 30, ga ƙarancin oksijin. Ba zai kai labari ba. In ma da zai rayu, nan ne matsalar za ta fi girma. A Norway da tafkunan tsaunukan Pyrenees tsakanin Faransa da Sifen, masu fatsa ne suka riƙa kai shi a bokiti a matsayin koto, in sun tashi su juye ragowar a ruwa. Ya hayayyafa, ya riƙa gasar abinci da kifayen wurin, ya cinye ƙwarin ruwa da 'ya'yan kwaɗi, har ta kai ana kashe kuɗi da shekaru ana tsame shi da taru daga tafki ɗaya-ɗaya. Mu ma muna da namu misalin ta ɗaya gefen: giwan ruwa, wanda ɗan gida ne a Neja da Cadi, da aka kai shi tafkin Victoria a shekarun 1950 ya yi sanadin ɓacewar jinsunan kifi masu yawa a can.

Ka kuma sani a Jamus kama kifi ba tare da lasisi ba laifi ne, ko da hannu ne, kuma a wasu jihohin Elritze yana cikin waɗanda aka hana kamawa duk shekara. Burodin ma ka rage, ragowarsa ruɓewa take a ƙasan ruwa. In kallo kake so, ka je da hantsi, ka zauna inda inuwarka ba ta faɗa ruwa ba, ka daina motsa ƙafa na minti goma. In ruwan bai da zurfi ka tsoma ƙafarka ka ɗan burkuta tsakuwa da yatsa. Tsutsotsin da za su taso su ne abincinsu na asali, kuma za ka ga waɗanda suka fara warewa daga gungun suna matsowa su dube ka tukuna, kafin sauran su biyo baya su fara tsattsagar ƙafar.